Tsohon Kwalekwale Mai Inji: A Duba Haƙori Kafin A Sallama

'Yan'uwa fatake, duk mai bin hanyar Salaga zuwa Yeji a ƙasar Gana ya san ruwa ne ke raba mu da kasuwa. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965, Tafkin Bolta ya shiga tsakanin Makango da Yeji, ba a ƙetarewa sai da fito. In babban jirgi ya yi latti, kana wannan gaɓa, dillali yana waccan, ciniki ya wuce ka. Shi ya sa wasunmu ke haɗa kuɗi su sayi ƙaramin kwalekwale mai inji na hannu, don kai yaran shanu, dusa da kanwa. To, ga shawararmu.

Mu dai ba mu sayen sa don ƙahonsa ya yi kyau, sai mun buɗe baki mun ga haƙori. Haka jirgi yake, sabon fenti shi ne ƙaho. A sa a ja shi tudu, a bi katakon ƙasa da tsinin wuƙa. Inda wuƙa ta nutse, ruɓa ce. A fi matsa wa katakon baya, wato inda ake ɗaura inji, domin shi ke ɗauke da nauyi da girgiza. In ya yi laushi, a cire kuɗin kafinta daga farashi tun a wurin.

Sai inji, wanda shi ne mai cin kuɗi. A tafi da makanike na kanmu, kada a dogara da na mai sayarwa. A tayar da shi da sanyinsa, cikin ruwa. In siririn ruwan nan da ke fita ta bayansa bai fito ba, robar famfo ta mutu, ga ta da araha amma ita ke ƙona inji. A kwance ƙusar man giya: in man ya fito fari kamar nono, ruwa yana shiga. A duba fulogi da farfela. Irin Yamaha mai ƙarfin doki 40 ya fi sauƙin riƙo, don kayan gyaransa ba su wuyar samu a bakin tafki. Ana haɗa masa fetur da mai, galibi lita 20 da mililita 400, amma a bi abin da kamfani ya rubuta.

Kada a zuba duk jari a saye, a bar na gyara. A fara da famfo, man giya da katakon baya, sannan a cusa auduga da kwalta a tsagogi, a sauya ƙusoshi masu tsatsa, a bar shi cikin ruwa 'yan kwanaki katako ya kumbura. Fenti ya zo ƙarshe.

A karɓi takarda mai lambar inji gaban shaidu, kamar yadda muke yi da dabba, gudun kayan sata. Malamanmu sun karantar da mu ɓoye aibi a ciniki haramun ne, saboda haka a tambayi mai shi ƙiri-ƙiri.

Abu na ƙarshe, jama'a: ƙarƙashin tafkin nan cike yake da kututturen itatuwan da ruwa ya cinye, sun sha fasa jirage, an yi asarar rayuka. A ɗauki direba ɗan gari, a sayi rigunan ruwa, a bar tafiyar dare. Kuma kada kwaɗayi ya sa a ɗora sa a ƙaramin jirgi. Motsi ɗaya zai yi a kife.

Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema, amin.