Hawan Jini Ya Shigo Ƙauye: Taba, Gishiri da Zaman Rani

'Yan'uwa manoman Zoza da kewaye, sau da yawa mukan ji ana cewa hawan jini da ciwon sukari cututtukan masu kuɗin birni ne, wai mai riƙe da garma ba ruwansa da su. Wannan magana ba haka take ba. Kusan kowace ƙungiya ta san gidan da maigida ya faɗi da shanyewar ɓarin jiki ana tsakiyar damina. Gona ta cika da ciyawa, bashin taki yana jira, aka sayar da shanun huɗa domin magani. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana jin ƙarfinsa sarai, alhali awon jininsa ya wuce 140 bisa 90. Abubuwa uku ne ke buɗe masa ƙofa, dukansu kuwa suna hannunmu.

Taba

Taba ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Kakanninmu sun san lofe da taba gari, kuma tun 1959 kamfanin taba ya kafa ma'aikata a Zariya, manoma da yawa suka yi ta noma masa ganye. Amma abin da ba a sani ba a dā, yau an sani. A cikin taba akwai wani sinadari, nikotin, wanda ke matse hanyoyin jini ya sa zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Shi ne kuma ke kama mutum har ya kasa dainawa. Hayaƙin yana ɓata huhu, yana kawo cutar daji. Wadda ake tauna da wadda ake shaƙa ma ba su bar baki da hanci lafiya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutane fiye da miliyan 7 kowace shekara. Fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba su taɓa sha ba, hayaƙin wadansu ne kawai suka shaƙa. Watau wanda ya kunna sigari a ɗaki, da matarsa da jaririnsa yake sha.

Mu yi lissafi irin na manoma. Kara 5 a rana, kara 1,825 ke nan a shekara. Kowa ya tambayi mai tebur kuɗin kara ɗaya, ya ninka, sa'an nan ya gwada da kuɗin taki ko na makarantar yara.

Dokar taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara, ta kuma hana sha a wuraren taruwar jama'a. Saboda haka mu daina aiken yara sayen taba. Wanda ya daina kuwa bai makara ba, gama bayan shekara ɗaya haɗarin ciwon zuciyarsa yakan ragu da kusan rabi.

Tukunya

Gishirin da ya ishi babba a rana bai kai giram 5 ba, watau kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin miya. Yawancin nauyin dunƙule gishiri ne. In uwargida ta jefa dunƙule huɗu ta kuma ƙara gishiri, to cikin sauƙi ana iya wuce iyaka. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru, hanyoyinsa su sha wuya. A rage sannu-sannu, a koma ga daddawa da albasa da citta. Cikin 'yan makonni harshe zai saba.

Wani kuskurenmu shi ne mu kai wake da gyaɗa da ƙwai kasuwa duka, mu dawo da lemon kwalba da biskit. Zogale, rama, yakuwa, alayyahu, kuɓewa da kabewa suna nan a bayan gida. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a Ƙaraye a 1992, noman rani ya ƙaru a wannan yanki, tumatir da ganye suna samuwa har da bazara. A ɗebi na gida tukuna kafin a ɗaure na kasuwa.

Zaman rani

Da damina ba mai ce wa manomi ya motsa jiki. Matsalar tana zuwa bayan kaka. A dā da ƙafa ko keke ake zuwa kasuwa, yanzu ko gidan maƙwabci sai a babur. Wata biyar ana zaune a gindin bishiya, ana shan shayi mai sukari da yawa. Abin da masana suka ce shi ne minti 150 na motsa jiki a mako, watau tafiya mai ɗan sauri ta rabin awa, kwana 5. Lambu, haƙa ramin takin gargajiya da gyaran hanya duk suna cikin lissafi.

Aikin ƙungiya

Ga shawarar da muke so kowace ƙungiya ta tattauna a taronta na gaba. A hana shan taba a wurin taro da ɗakin ajiya. A sayi na'urar awon jini guda ɗaya daga asusu, a roƙi ma'aikacin lafiya ya koya wa mutum biyu, mace da namiji, su riƙa auna kowa wata-wata. Wanda nasa ya hau a raka shi asibiti, in an ba shi magani kada ya daina don ya ji sauƙi. Zumuntar mata ta ware fili domin lambun ganye. Mai son barin taba kuma a haɗa shi da abokin da zai riƙa ƙarfafa shi, ba a yi masa dariya in ya koma ya sake gwadawa.

Muna yi wa shanunmu allurar rigakafi kowace shekara ba tare da an roƙe mu ba. Mai shanun ma ya cancanci wannan kulawa. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.