Gaskiya ko Jita-jita: Shin Dole Kasuwanci Ya Bi Mai Shi Kabari?

A Kankia da Kusada kusan kowa na iya nuna maka wani shago, ko injin niƙa, ko gidan burodi da ya yi tashe, maigidan na rasuwa aka sa kwaɗo. Yawan faruwar haka ya sa wasu maganganu suka zauna a bakin mutane kamar karatu. Ga wasu daga cikinsu.

"Rabon gado ne ke kashe kasuwanci."

Wannan ita ce ta fi yawo, kuma akasarinta jita-jita ce. Shari'a ta fayyace kason kowa: a biya bashi, a zartar da wasiyya, matar mamaci ta ɗauki tumunin takaba idan akwai 'ya'ya, namiji ya sami rabon mata biyu. Ba ta ce dole a kwance injin casar shinkafa a sayar da ƙarfensa ba. Magada na iya barin dukiyar a haɗe, kowa ya san kasonsa, a riƙa raba riba. Wani kuma na iya sayen kason ɗan'uwansa bisa sulhu.

Alhassan Ɗantata ya rasu a Kano a 1955, ya bar 'ya'ya da yawa, aka raba gado yadda addini ya tanada. Duk da haka kamfanin Alhassan Dantata and Sons bai ruguje ba. Ɗansa Ahmadu ya ja ragama har rasuwarsa a 1960, ɗan'uwansa Aminu ya karɓa, ya kuma rayu har 2025. Ba a haife su da sanin kasuwa ba, mahaifinsu ne ya sa su cikin harkar gyaɗa da fatauci tun yana da ƙarfinsa.

Abin da ke kashe shagon garinmu daban ne. Ɗan kasuwar da ke sayen hatsi a ƙauyukan Kusada yana kaiwa kasuwar Dawanau, yawanci komai a kansa yake: wanda ya ba shi kaya bashi a Kano, manomin da ya karɓi kuɗin taki zai biya da buhu, dillalin da ake bi cikon kuɗi. Ranar da ya faɗi, masu bin sa bashi za su iso tun kafin sadakar uku, waɗanda yake bi kuwa su yi gum. Abin da ya rage shi ake rabawa, sai a ɗora wa gado laifi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, amma ka nemi littafin bashi a shaguna goma ka ga nawa za su fito da wanda wani zai iya karantawa.

"Zan rubuta wasiyya in bar wa babban ɗana shagon."

Ba ta zartuwa haka. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji sai da yardar sauran magada. Mai son ɗansa ya riƙe shago yana da hanya tun yana raye: ya ba shi kyauta a gaban shaidu, ɗan ya karɓa ya riƙe a hannunsa, domin a mazhabar Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba har mai bayarwa ya rasu ta koma gado. Malamai kuma na jan kunne kan fifita wani ɗa a kyauta. Mafi sauƙi, a naɗa shi manaja da albashi sananne, mallaka kuwa ta zama ta kowa.

"Sayar da kasuwanci alamar karyewa ce."

A nan kunya ce ke magana. Idan aka ji Alhaji ya sa gidan mansa na bakin titin Kano zuwa Katsina a kasuwa, kafin la'asar an gama yanke hukunci a majalisa cewa jari ya karye. To, Aliko Ɗangote ya sayar wa kamfanin Tiger Brands na Afirka ta Kudu kashi 63 cikin 100 na kamfaninsa na fulawa a 2012 kan kusan dala miliyan 200. Masu sayen suka yi ta tafka asara, a 2015 suka mayar masa kan dala 1. Ya farfaɗo da shi, ya sake sayar wa kamfanin Olam a 2019 kan naira biliyan 120. Babu mai cewa ya karye.

Sai dai akwai gaskiya ɗaya mai ɗaci. Mai saye ba ya biyan kuɗin farin jinin maigida. Idan kwastoma don fuskarka suke zuwa, kuma kuɗin cefane da na ciniki aljihu ɗaya suke kwana, abin da za a taya shi ne gini da kaya kawai.

"Na yi rajista da CAC, shi ke nan."

Rabin gaskiya. Rajistar sunan kasuwanci a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, ba ta raba ka da kasuwancin, a idon doka kai ne shi. Kamfani mai hannun jari ne ke da rayuwar kansa, ya mallaki fili da asusun banki da sunansa, ya ci gaba ko wanda ya kafa shi ya rasu, magada su gaji hannun jari. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, ba sai ya ari sunan matarsa ko ƙaninsa ba kamar da. Asusun da ke da sunan mutum kuwa banki na tsayar da shi da zarar ya sami labarin rasuwa, sai an kawo takardun kotu, alhali ma'aikata na jiran albashi.

"Shirin barin aiki kiran mutuwa ne."

Ba mutuwa kaɗai ke raba mutum da kujerarsa ba. A 1984 gwamnatin soja ta tsare Isyaka Rabi'u, nauyin harkokin gidan ya faɗa kan ɗansa Abdussamad yana da shekara 24, wanda daga baya ya kafa kamfanin BUA a 1988. A 2025 Ɗangote da ƙafarsa ya sauka daga shugabancin hukumar gudanarwar kamfanoninsa na sukari da siminti.

Mu ma muna da tsohuwar hanyarmu, wato sallamar yaro: ya yi shekaru a shago, maigida ya yanka masa jari ya buɗe nasa. Matsalarta a yau ita ce ba a sa rana, ba a faɗin adadi. Yaron da ya fi kowa sanin kan cinikin, wanda ya san kowane dila a Kantin Kwari ko kasuwar Singa, ba magaji ba ne, ba shi da ko sisi a rabon. Maigida na rasuwa sai ya kama shagon da ke kallon na gidan, kwastomomi su tsallaka titi su bi shi.