Tallafin Gwamnati: Me Ya Sa Ba Ka Ga Alat Ba?



Tambayar da ta fi yawan zuwa min kwanan nan ita ce, "Malam, yaushe za a turo kuɗin tallafin kaji?" Wani bawan Allah daga Kiyawa har lambar asusunsa ya turo min. Ɗan'uwa, ni ma nema nake.

Abin da ya kamata ka fara sani: yawancin abin da ake kira tallafin noma ba kuɗi ba ne a hannu, ragin farashi ne. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, an fito da tsarin GES. A lokacin, saƙo ne ke shigowa wayarka, ka je wurin dila ka biya rabin kuɗi, ka ɗauki taki buhu biyu. Na alkamar rani da aka ƙaddamar a yankin Haɗeja a Nuwambar 2023 ma haka yake, iri da taki da magani a kan rabin farashi. Wato in kayan na naira dubu 100 ne, sai ka nemo dubu 50 taka. In babu, sunanka yana cikin jerin amma buhun ba zai bi ka gida ba.

Na biyu shi ne bashi, kuma nan mutanenmu suka fi ƙonewa. Shirin Anchor Borrowers da Babban Banki ya fara a Kebbi a 2015 rance ne, a lokacin har kaji da kifi suna ciki. Da yawa suka ɗauka rabon ganima ne, sai da aka zo karɓa ido ya raina fata.

To mu masu kaji da tarwaɗa fa, ina namu? Gaskiya rabonmu ya fi zuwa ta bayan gida. Abinci ne ke cinye kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwon kaji, abincin kuwa masara ne da waken suya. In manomin Jahun ko Birnin Kudu ya samu taki da sauƙi, masara ta yi araha a kasuwar Shuwarin, to ka ci tallafin ko da ba ka cike fom ba. Shi ya sa nake bin labarin taki kamar ina da gona.

Ni kaina da na gama bautar ƙasa na gina ɗakin kaji 200 a bayan gidanmu a Dutse, na zauna jiran "tallafin matasa". Wani ya karɓi dubu biyar a hannuna wai kuɗin fom. Wata bakwai ɗakin nan babu komai sai ƙadangaru. Da na haƙura na zuba broila 50 da kuɗin aljihuna, ashe su ne hujjar da ake nema. Masu tantancewa kiwo suke son gani, da NIN da BVN masu suna iri ɗaya, da layin waya naka na kanka, sau da yawa kuma da ƙungiya mai rajista. Ka je wurin malamin gona na JARDA a ƙaramar hukumarka ka tambaya da bakinka, ba ɗan tsakiya ba.

Akwai kuɗi ɗaya da aka taɓa biyan masu kaji kai tsaye: diyyar murar tsuntsaye. Da cutar ta ɓulla a Jaji ta jihar Kaduna a 2006, naira 250 aka fara biya kan kowace kaza. Amma kajin da jami'ai suka zo suka kashe suka ƙirga ake biya, ba waɗanda suka mutu kafin ka kai rahoto ba. Don haka in ka wayi gari ka ga suna zubewa, tukunsu ya yi baƙi-baƙi, kar ka kwashi sauran ka ruga kasuwa. Rufe ɗakin, ɗauki hoto, ka kira likitan dabbobi na gwamnati a ranar.