Fatsa da ƙudan gashin zabo

Wanda ya tashi daga kasuwar Katako ya gangara wajen gadar Kennedy, ba da jimawa ba zai iske kogi. Wannan shi ne kogin Kwara, wanda Zabarmawa ke kira Isa Beri, wato babban kogi. Daga duwatsun ƙasar Gine yake fitowa. Ya ratsa Mali, ya yi tafiyar kilomita wajen 550 cikin Nijar, sannan ya shiga Najeriya ya faɗa teku.

A bakin kogin akwai masunta. Wasu suna jefa birgi daga cikin jirgi. Wasu suna jan taru. Wasu kuma suna kafa gura, ko su shimfiɗa mamari mai ƙugiya da yawa. Yaron da ba shi da jirgi, ba shi da koma, sai ya yi fatsa. Yakan soka tana ko fara a ƙugiya, ya jefa, ya zauna jira.

To, akwai wata irin fatsa wadda ba ta bukatar tana. Ƙudan ƙarya ake ɗaurawa a ƙugiya.

Ku lura da ruwa da marece, musamman farkon damina lokacin da gara mai fiffike ke tashi. Za ku ga ƙwari suna faɗawa bisa ruwa. Za ku ga kifi ya taso ya cafke su, ruwan ya yi zobe. Kawara tana yawan yin haka. Tarwaɗa da kurungu kuwa sun fi neman abinci a ƙasa, cikin laka. Saboda haka aikin farko na mai fatsa shi ne kallo. Ya san abin da kifi ke ci, da wurin da yake ci, da lokacin da yake ci.

Wannan dabara tsohuwa ce. Wajen shekara ta 200, wani marubucin Rum mai suna Eliyan ya ba da labarin mutanen Masedoniya. Suna naɗa jan ulu a ƙugiya, su ɗaura gashin zakara guda 2, su kama kifi da shi. Mutanen duwatsun Japan su ma suna da irin tasu, mai suna tenkara. Doguwar sanda ce da zare da ƙudan ƙarya, ba wani abu. Irin wannan ta fi sauƙi ga mai koyo.

Ga kayan da ake bukata: gora mai tsawon mita 3, mai laushin kai, zaren kamun kifi na roba, ƙaramar ƙugiya, zaren ɗinki, da gashin zabo ko na kaza. Gashin tsuntsu yana nan cikin gida. Sauran kayan a neme su kasuwa.

Ga yadda ake haɗa ƙudan. A naɗa zaren ɗinki a jikin ƙugiya har ya yi kauri kamar cikin ƙwaro. A ɗauki ƙaramin gashi, a ɗaure gindinsa kusa da idon ƙugiya. A kewaya shi sau 3 ko 4 don ya baje kamar ƙafafu da fikafikai. A ƙulle zaren tamau. Kada a rufe bakin ƙugiya.

Ƙudan ba shi da nauyi, ba ya jefuwa kamar dutse. Zare ne ke kai shi. Don haka a ɗaura zare mai kauri a kan gora, tsawonsa kamar na gorar. A ƙarshensa a ƙulla siririn zare na mita 1, wanda kifi ba ya gani sosai. A ɗaga gora baya, a dakata kaɗan zare ya miƙe, sannan a turo ta gaba a hankali. Ƙudan ya sauka bisa ruwa shiru, kamar ƙwaron gaske. A bar ruwa ya tafi da shi. In kifi ya cafka, a ɗaga gora nan da nan, don da ya ji ba abinci ba ne zai tofar.

Ku fara koyon jifa a filin lakkol, da guntun tsumma maimakon ƙugiya. Ku duba bayanku kafin kowane jifa. Ƙugiya tana iya tsone idon aboki.

Ruwa ba abin wasa ba ne. A Yamai kogi yana cika sau 2: da ruwan damina a Agusta da Satumba, da kuma ruwan da ke zuwa daga Gine wajen Janairu. A lokacin nan gaɓa tana da santsi, ruwa yana da ƙarfi. Akwai dorina cikin kogi. Ruwa mai kwanciya kuma yana ba da tsargiya. Kada yaro ya tafi shi kaɗai. Ya bi babba, ya gaida masunta, ya tambaye su inda ya kamata ya tsaya. Haka ake yi ko a tafkin Madarunfa, ko a na Tabalak.

Kogi ma yana gajiya. A watan Yuni na 1985, saboda fari, ya daina gudu a Yamai. In kun kama ɗan ƙaramin kifi, ku jiƙa hannu, ku zare ƙugiya a hankali, ku mai da shi ruwa. Shi ne babban kifin baɗi.

Tambayoyi

1. Me ya sa tarwaɗa ba ta cika cin ƙudan ƙarya ba?
2. Mene ne ke kai ƙudan bisa ruwa?
3. A waɗanne watanni ne kogi ke cika a Yamai?
4. Ku kawo gashin zabo da zare gobe, kowa ya haɗa ƙudansa.