Ciwon maƙogwaron da ke ƙarewa a zuciya

Tun da hunturu ya sauko Zuru, kukan iyaye mata ɗaya ne: yaro ya kwana da zazzaɓi, ko koko ba ya iya haɗiyewa. Wasu su ce belu ne, a kira wanzami. Wasu su je kemis a ƙulla musu kafso huɗu a leda, yaro ya sha kwana biyu ya koma ƙwallo. Bayan mako biyu ko uku gwiwarsa ta kumbura, tana sacewa idon sawu ya ɗauka, sai a ce sanyin ƙashi ne, a shafa man zafi.

Kalmar nan "sanyi" ita ke ba ni haushi. Yawancin ciwon maƙogwaro yakan wuce da kansa, amma akwai wanda ƙwayar cuta mai suna sitireptokokus ke haddasawa, musamman ga yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Ita ƙwayar ba ta zuwa zuciya. Garkuwar jikin yaron ce ke yin ɓarnar, domin rigar ƙwayar ta yi kama da naman zuciya da na gaɓoɓi. Kamar karen gadi ne da ya kori ɓarawo, sannan ya ga ɗan gida sanye da irin rigar, ya dira masa. Ko 'yan banga da suka biyo sawu cikin duhu suka jibgi mai gona.

Gaɓoɓi sukan warke sarai. Zuciya kuwa tana riƙe tabo. A cikin tsokarta ake samun wasu ƙananan ƙulle-ƙulle na kumburi, da ba sa ganuwa sai da madubin likita, waɗanda likitan Jamus Ludwig Aschoff ya bayyana a 1904. Mafi muni shi ne abin da ke samun ƙyauren da ke tsakanin ɗakuna biyu na hagun zuciya. Ka san ƙyauren katako da damina ta jiƙa, rani ya busar, shekara bayan shekara: sai ya kangare, ba ya rufuwa, ba ya buɗuwa sosai. Ko robar famfon burtsatse da ta cinye, kana bugawa ruwa na komawa ƙasa. Duk dawowar zazzaɓin nan mai kumbura gaɓoɓi wata daminar ce. Shi ya sa za ka ga amarya da cikin fari tana haki, ƙafafu a kumbure, ana cewa laulayi ne. (Yarinyar da hannunta ke fizga kuma, a ce iska ce, alhali ciwon nan na iya taɓa ƙwaƙwalwa.)

Wani bincike da likitoci suka wallafa daga Kano a 2007 ya nuna kusan ɗaya cikin goma na waɗanda aka yi wa hoton zuciya suna ɗauke da wannan lahani na ƙyauren zuciya. A 2018 Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙudurin yaƙi da shi, amma ƙuduri ba ya yi wa yaro allura. Maganin kuwa tsohon fenisilin ne mai araha: kwana goma cur ga mai ciwon maƙogwaro, ko allura duk bayan mako uku zuwa huɗu, tsawon shekaru, ga wanda ciwon ya riga ya taɓa masa gaɓoɓi ko zuciya. Bai kamata a ce ƙaramin asibitin ƙauye ya rasa wannan ba.

Iyaye, in maƙogwaro ya zo da zazzaɓi babu mura, a kai yaro asibiti, kuma a bar shi ya shanye maganin ko da ya ji sauƙi.