Wa zai tsaya maka a bakin ƙofa?

Ranar Alhamis a kasuwar dabbobi ta Maigatari, baƙon da ya koro shanu daga Nijar ba ya tsayawa ya yi ciniki da kansa. Dillali yake nema. Mai saye da ya taso daga Kano bai san baƙon ba, bai kuma damu ya san shi ba. Abin da yake jira kawai dillali ya ce, "Na san shi, dabbarsa ce." Wannan kasuwa ce ke faɗo mini a rai duk sanda wani ma'aikaci a Gumel ya bugo waya ransa a ɓace, wai manhajar bin diddigin ayyuka ta ƙi buɗe masa.

Manhaja irin su Jira da Redmine, in an jingina ta da kundin sunayen ma'aikata, ba ta ajiye kalmar sirrinka. Kana rubuta suna, sai ta tashi ɗan aike ya je ya tambayo mai kundin, wanda galibi Active Directory ne na Microsoft. Yaren da suke magana da shi ana ce masa LDAP, tun 1993 yake, kuma aiken kan bi ta ƙofa mai lamba 389, ko 636 in an lulluɓe saƙon. Ka ga ashe su uku ne a cinikin, amma manhajar kaɗai ke shan zagi.

Shi ya sa tambayata ta farko ba ta canjawa: "Malam, kai kaɗai ne, ko har da na kusa da kai?"

In ofis ne gaba ɗaya, a bar ma'aikata su huta. Ɗan aiken nan shi ma yana da nasa asusu da kalmar sirri, kuma ranar da wa'adinta ya cika, mai kundin ba zai saurare shi ba. Dillali ne ya rasa mutunci a kasuwa, duk baƙin da ke bayansa sun tsaya cik da dabbobinsu.

In kuwa mutum ɗaya ne, sai a buɗe littafin da manhajar ke rubuta abin da ya faru. Kuskure mai lamba 49 yana nufin an ƙi shaidarka, amma Active Directory kan ɗora dalili a gefe. 52e kalmar sirri ce ba daidai ba, 532 wa'adinta ya wuce, 775 an kulle asusun. Wannan na ƙarshen ya fi ba ni dariya. Mutum ya canja kalmar sirri a kwamfuta, ya manta da wayar da ke aljihunsa, ita kuwa tana ta ƙwanƙwasa ƙofa da tsohuwar kalma har mai gida ya gaji ya sa sakata. Akwai kuma wanda aka yi wa canjin wurin aiki, a ce daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar. Sunansa na nan lafiya lau, sai dai an mai da shi wani shafi, ɗan aike kuma tsohon shafin kaɗai aka ce ya riƙa dubawa. Sabon ɗauka shi haƙuri zai yi, don a tsarinta na asali sau ɗaya a awa Jira ke kwafo sunaye.

Wanda ya shiga sannan aka koro shi, maganarsa daban. Wannan ya wuce dillali, rigimar rasit ce. Da ka shiga, ana ba burauzarka 'yar shaida ta riƙe. In ka bar ta ta daɗe ba motsi, ta mutu. In kwamfutoci biyu ke ɗauke da manhajar ba su kuma san rasit ɗin juna ba, kamar ka biya a wannan ƙofar ne mai tsaron waccan ya ce bai san zancen ba.

Sai agogo. Kerberos, wanda ke tantance shiga a Active Directory, ba ya yafe saɓanin da ya haura minti 5 in ba an sauya masa ƙa'ida ba. Na taɓa ɓata yini guda a wani ofis ina zargin kundi da ɗan aike. Ashe ɗan batirin da ke riƙe wa kwamfutar lokaci ne ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta aka tayar da janareta sai ta farka a wata shekarar da ta wuce.