Yadda matatar duro uku ke rage wa masu kiwon kifi a gida wahalar canjin ruwa

A unguwannin Kaduna da ke arewacin kogi, daga Kawo da Unguwar Dosa zuwa Malali da Unguwar Rimi, ba abin mamaki ba ne a shiga gidan ma'aikaci ko ɗan kasuwa a tarar da tafkin kifi a bayan ɗaki. Wani na siminti ne, wani na tamfol, wani kuma tsohon tankin roba ne aka yanke masa kai. Galibi tarwaɗa ake zubawa, da fatan bayan wata biyar ko shida ta kawo kuɗin cefane ko na makarantar yara.

Inda gizo ke saƙar shi ne ruwa. Yawancin masu kiwon sun saba zubar da ruwan tafki duk bayan kwana biyu ko uku su tara sabo. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, tayar da janareta don jawo ruwa daga rijiyar burtsatse ya koma cin riba. Ga kuma ƙorafin maƙwabta kan ruwa mai wari da ke kwarara cikin kwata. Wannan ya sa matatar da ake haɗawa a gida ta cancanci a fahimce ta da kyau.

Me ke ɓata ruwan?

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Dauɗar tafki iri biyu ce. Akwai wadda ido ke gani, wato kashin kifi da ragowar abinci. Akwai kuma wadda ba a gani, ita ce amoniya, sinadarin da kifi ke fitarwa ta wurin numfashinsa da ke gefen kai bayan ya ci abinci mai yawan furotin. A ƙiyasin masana kiwon kifi, kilo ɗaya na abinci kan haifar da kimanin giram 30 na amoniya. Ruwa zai iya zama garau amma yana ɗauke da ita.

Tarwaɗa kan yaudari mai ita a nan. Tana da wata gaɓa da ke ba ta damar shaƙar iska daga saman ruwa, don haka takan jure gurɓataccen ruwan da zai kashe karfasa. Sai dai za ta rage cin abinci, girmanta ya tsaya, raunuka su fara fita a jikinta. Tun da abinci ne ke lashe kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwo, duk makon da kifi bai ƙaru ba asara ce.

Aikin kowane duro

Kayan haɗin ba su da wuyar samu a Fanteka ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi: duron roba uku masu cin lita 200, bututun roba da gwiwoyinsa, kawunan famfo da ƙaramin injin tura ruwa. A guji duron da aka taɓa zuba maganin ƙwari, fenti ko man inji a cikinsa.

Duro na farko na kwantar da laka ne. Ana shigar da ruwan tafki ta gefe, a karkatar da bakin bututun yadda ruwan zai riƙa kewayawa a hankali. Dauɗa mai nauyi sai ta taru a ƙasa, inda aka sa kan famfo don zubar da ita, ruwan sama kuma ya wuce gaba.

Duro na biyu na tacewa ne. Ana cika shi da soson roba, tsohuwar koma ko gidan sauron da ba a taɓa sa masa magani ba, ruwa ya shiga ta ƙasa ya fita ta sama. Gidan sauro mai magani guba ne ga kifi. Masu kwaikwayon matatar ruwan sha kan zuba yashi mai laushi, amma dauɗar kifi kan toshe shi cikin 'yan kwanaki.

Duro na uku shi ne uwa uba, domin a nan ake maganin amoniya. Ana cika shi da murafan robar ruwa, guntayen bututu ko wankakkiyar tsakuwa. Amfanin waɗannan kaya shi ne su zama mazaunin wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani. Wani rukuninsu na mayar da amoniya zuwa nitirait, wanda shi ma guba ne da ke hana jinin kifi ɗaukar iska, wani rukunin kuma ya mayar da shi nitiret mai sauƙin illa. Ƙwayoyin na buƙatar iskar oksijin, shi ya sa ya fi kyau ruwa ya riƙa yayyafi daga farantin da aka huhhuda a saman duron, sannan ya gangara ya koma tafki.

Game da inji, ana so ya iya zagaya da ruwan tafkin gaba ɗaya cikin awa ɗaya zuwa biyu. Tafki mai tsawon mita 2, faɗin mita 2 da zurfin mita 1 na cin lita 4,000, don haka yana buƙatar injin da ke tura aƙalla lita 2,000 a awa.

Kurakuran da ke rusa aikin

Na farko shi ne gaggawa. Ƙwayoyin kan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita. A wannan lokaci sai a rage yawan abinci, a ci gaba da canza wani ɓangare na ruwan.

Na biyu shi ne tsaftar da ta wuce kima. Ruwan famfo da ke fitowa daga matatar Malali na ɗauke da sinadarin kulorin, wanda aikinsa kashe ƙwayoyin cuta ne, kuma ba ya bambance masu amfani da masu cutarwa. Wanda ya wanke duro na uku da shi ya koma farko. Idan wanki ya zama dole, a ɗauraye kayan a hankali da ruwan tafkin. Ruwan famfon da za a ƙara kuma a bar shi a buɗaɗɗen tanki ya kwana tukuna.

Na uku shi ne ɗaukewar wuta. Idan inji ya tsaya na sa'o'i da yawa, ruwan da ke kwance a duro kan rasa iska ya fara ɗoyi. Kafin a sake kunnawa, a zubar da shi ta ƙasa kada ya koma wa kifi. Ƙaramin inji mai aiki da sola da batir na magance wannan matsala.

Shi ma yanayi yana da nasa tasiri. A hunturun Disamba da Janairu sanyi na rage kuzarin kifi da na ƙwayoyin, sai a rage abinci. A zafin Maris da Afrilu kuwa amoniya ta fi yin illa, iskar cikin ruwa ta ragu, kuma lokacin ne rijiyoyi ke ja da baya. Wanda ke son matatarsa ta nuna kafin bazara, sai ya haɗa ta tun ƙarshen damina.

Iyakar abin da za ta iya

Matata tana rage canjin ruwa ne, ba ta kawar da shi baki ɗaya. Dole a zubar da lakar duro na farko kowace rana, a wanke soson na biyu sau ɗaya ko biyu a mako, a cike gurbin ruwan da ya fita. Girman matatar kuma da yawan abincin da ake zubawa kullum ake auna shi. Duro ukun da suka wadatar lokacin da kifi ke ƙanana za su iya gazawa idan sun girma, sai a ƙara duro ko a rage kifi. Masu sarari kan ƙara kwami mai kainuwa, wadda ke zuƙe nitiret, muddin ana rage ta a kai a kai.

Lakar da aka tatsa taki ce mai kyau ga alayyafo, tumatur, ayaba da zogale, kuma zuba ta a lambu ya fi sakinta a kwata. Mai neman ƙarin bayani kan gwajin ruwa zai iya tuntuɓar malaman gona na jiha, ko cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja.